Shafi na Arba'in

Saura kwana uku Sènami ta kare kundin digirinta na uku a gaban malamai a Porto-Novo ta gano cewa shafi na arba'in ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Shekara huɗu ta yi tana bin wasu ayyukan lissafi masu kunya, waɗanda ƙimarsu a tsakiyar kowane ɗan faifai ba ta taɓa wuce matsakaicin ta gefensa. A miƙaƙƙen sarari abin yana tafiya sumul. Nata sararin kuwa karkatacce ne, faya-fayan lanƙwashewa suke yi, kuma dabarar da ta dogara da ita ba ta aiki a can.

Abin da ya fi tayar mata da hankali, ba ita ta ƙirƙiro dabarar ba. Daga takardar malaminta ta ɗauko, Farfesa Gbaguidi, takardar da yake ambato kamar ɗan fari. Ɗalibai bakwai sun kwafe ta, sun sa hula, har sun yi tumbi. Idan ta yi shiru, mai jarrabawar da zai zo daga Dakar na iya ganowa. Idan ta yi magana, wa ya san ranar da za ta gama?

Ta same shi a ofis yana cin akasa, tuwon masarar garin, da soyayyen kifi. Ta gaishe shi har sau biyu, ta tambayi ciwon gwiwarsa, sannan ta ce wai akwai layin da ƙwaƙwalwarta ta kasa ɗauka.

“Wannan ai a bayyane yake, 'yata,” in ji shi.

Ya miƙe da alli a hannun da bai wanke ba. Ya rubuta layi uku, ya goge biyu da gwiwar hannun riga, ya tsaya ya zuba wa allo ido. Kifi ya huce, ƙuda suka samu nasu. Tausayinsa ya kama ta, har ta so ta ce a bar maganar.

Can ya zauna, ya ce babi na uku na kundinta ya mutu, sauran za su rayu in an rage musu buri.

“Baba, to me zan ce ranar Juma'a?”

“Abin da kika gani. Ki nuna inda ya karye, ki faɗi mai shi da sunansa. Shekara ashirin ina jiran wanda zai karanta takardar nan, ashe ban shirya ba.” Ya ture kwanon gefe. “Zan zauna a sahun gaba. Ki dai taimaka kar ki yi murmushi.”