Ƙafar Hagu ta Da'u

Motar ta haye gadar Wudil kafin Da'u ya sake warware takardar. Karo na biyar ke nan yana karanta ta tun da suka bar tasha a Kano, kuma babu abin da ya canja a matsayin da aka ba shi a gasar gina jiki. Na huɗu. A ƙasan makin, ɗaya daga cikin alƙalan gasar ya yi rubutu da jan biro: sharaɓar hagu ba ta kai ta dama ba, jiki bai daidaita ba.

"Ninke takardar nan haka," in ji Barau, wanda ke zaune a gefensa rungume da ƙaramin kofin da aka ba shi na zuwa na biyu, naɗe cikin tawul. "Ko ka karanta ta har Gaya, huɗu ba za ta koma uku ba."

Da'u ya ninke ta ya sa a aljihu. Jikinsa duk ciwo yake. Wata uku bai ci tuwo ya ƙoshi ba, bai ci soyayyen abu ba, daga wake sai ƙwai sai awarar da ba a soya ba, kwana biyun ƙarshe kuwa ko ruwa kurɓa yake yi don fata ta lafe a kan tsoka. Har yanzu yana jin warin man da suka shafa jiya kafin su hau dandamali, duk da wankan da ya yi sau biyu.

Gasar ta masu gina jiki ce waɗanda ba sa amfani da allura ko ƙwaya, kowa sai da ya ba da fitsari aka gwada. Wannan ce shekara ta uku da Da'u ya shiga. Shekarar farko ya zo na shida, bara na huɗu, bana ma na huɗu. Bambancin bana shi ne wani mai gidan motsa jiki a Kano ya yi alkawarin ɗaukar ukun farko aikin koyar da mutane. Barau, mutumin Ajingi da ya girme shi da shekara tara, wanda ya fara koya masa ɗaga ƙarfe, zai koma Kano a farkon wata. Shi kuwa Da'u zai koma Kademi, gona da damina, dakon buhuna a kasuwa da rani.

"Yaya Barau, ka ga wanda ya zo na uku kuwa? Gadon bayansa a shafe kamar faifai."

"Na gan shi. Amma ƙafafunsa biyu iri ɗaya ne. Abin da suke dubawa ke nan."

Da'u ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙafarsa ta hagu da ke matse a bayan kujerar gaba. Yana ɗan shekara uku shan inna ya taɓa ta. Allah ya taƙaita, bai gurgunce ba, sai ɗan ɗingishin da ba kowa ke lura da shi ba, amma daga gwiwa zuwa idon sawu ƙafar ba ta taɓa cika kamar 'yar uwarta ba. A cikin wando ba a gani. A kan dandamali, da gajeren wando da fitilu a kansa, ita ake fara gani.

Barau ya gyara zama ya rage murya.

"Tun jiya nake so in gaya maka wani abu. Shekara nawa kana fama da hagun nan? Kullum sau uku a mako, ita kaɗai, kana ɗaga jikinka da ita a kan bulo. Ba ta zuwa. To tunda ita ta ƙi hawowa, ka sauko da ta dama."

"Kamar yaya?"

"Ka daina ba ta aiki. Shekara guda kada ka ɗora mata ƙarfe. Za ta saki, ta rame. In suka kusa kai ɗaya, alƙali ba zai ga bambanci ba. Ƙananan ƙafafu biyu sun fi babba da ƙarama maki."

"Da ita nake noma, Yaya."

"Na sani. Shawara ce kawai."

A tashar Gaya suka rabu. Barau ya dafa kafaɗarsa, ya hau bayan mashin zuwa Ajingi da kofinsa a cinya. Da'u ya tsaya da jaka a hannu, rana ta take, masu Adaidaita suna kiran fasinja. Ya sayi ruwa leda biyu ya shanye a tsaye. Maimakon ya nemi abin hawa zuwa Kademi, sai ya taka zuwa asibiti.

A sashen gashin ƙashi mutum huɗu ne a gabansa, har da wani tsoho da shanyewar ɓarin jiki ta kama. Ya zauna a kan benci, barci ya ɗauke shi sau biyu, kansa na buga bango. An kusa kiran azahar kafin aka ce ya shiga.

Malama Sadiyya, ma'aikaciyar sashen, ta san shi. Shekara biyu ke nan yana zuwa duk bayan wata huɗu tana auna masa ƙafar, ita ce kuma ta tsara masa irin motsin da zai riƙa yi da ita.

"Malam Da'u, an dawo? Yaya aka ƙare?"

Ya miƙa mata takardar. Ta karanta, ta ajiye a kan tebur, ta ɗauko tef ɗin awo irin na tela.

"Naɗe wandon."

Ta auna ta dama, ta rubuta. Ta auna ta hagu sau biyu, ta buɗe fayil ɗinsa ta duba.

"Dama inci goma sha shida. Hagu sha biyu da rabi. Bara war haka sha biyu da kwata ce."

"Kwata," in ji Da'u. "Shekara guda."

"Kwatan nan ba ƙaramin abu ba ne ga irin wannan ƙafar. Mutane da yawa raguwa tasu take yi."

"Malama, ki gaya mini gaskiya. Za ta taɓa kamo ta dama?"

Ta rufe fayil ɗin. Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba, don kullum a tsaye take aikinta.

"Ba za ta kamo ta ba. Jijiyoyin da ke motsa wani ɓangare na tsokar sun mutu tun kana yaro, ba sa dawowa. Abin da ya rage shi kake ginawa, kuma ka gina shi kusan iyakarsa. Da na so in faɗa maka tun bara, sai na ga kana shirin gasa."

Da'u ya gyaɗa kai. Ya yi tsammanin zai ji wani abu mai zafi, sai ya ji gajiya kawai, irin wadda ke sauka bayan an sauke buhu na ƙarshe daga mota. Ya gaya mata shawarar Barau, yana magana yana kallon ƙasa.

Ta danna gefen gwiwarsa ta dama da babban yatsa. Ya janye ƙafar ba shiri.

"Ka ji? Wannan gwiwar tun kana shekara uku take ɗaukar nauyin ƙafa ɗaya da rabi. Tsokar da ke kewaye da ita ce ke riƙe ta. In ka bar tsokar ta rame, gwiwar za ta tafi, ƙugu ya biyo baya. Kafin ka kai arba'in sanda za ka riƙe. Kai ka san abin da kofin zai ba ka, ni wannan na sani."

"To me zan yi?"

"Abin da kake yi. Ka ci gaba da ba hagun aikinta, ba don alƙalai ba, don ta rage wa dama wahala. Yau dai ka je ka ci abinci. Fuskarka duk ta zurma."

La'asar ta yi kafin ya isa Kademi. A ƙofar gida an shanya gyaɗa a kan tabarmi, kaji na zagaye da ita. Matarsa Murja ta karɓi jakar, ta dubi hannunsa ta ga babu komai, ta dubi fuskarsa, ba ta tambaye shi ba. Ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu da yawa. Ya yi loma shida cikinsa ya ƙi karɓa, ya ture kwanon.

Mahaifiyarsa Hajo tana zaune a ƙofar ɗakinta da ƙwarya a cinya tana ɓarar gyaɗa. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta taɓa yi masa maganar ƙafar ba. Wajen gwaggonsa ya ji labarin, yana ɗan shekara goma sha biyar. Shekarar da masu ɗigon rigakafi ke bi gida-gida, unguwar duk an ce kada a yarda da su, mahaifinsa kuma ya tafi cirani. Hajo ta ɗauke shi ta ɓoye a bayan rumbu har suka wuce. Da damina zazzaɓi ya kama shi, da ya sake shi ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Wata bakwai tana goya shi zuwa Gaya tana dawowa. Tun da ya ji wannan labari bai sake sa gajeren wando a tsakar gida ba.

Ya je ya durƙusa ya gaishe ta.

"An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Umma."

"Na nawa aka zo?"

"Na huɗu."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

"Kamar bara."

"Kamar bara."

"Me suka ce ya rage?"

Takardar tana aljihunsa, yana jin ta a jikin cinyarsa. Hajo ba ta karanta boko, ko ya nuna mata ba za ta gane ba.

"Kafaɗa," in ji shi. "Sun ce kafaɗuna ba su cika ba."

Ta ɗago ta dubi kafaɗun, waɗanda rigarsa ke neman yagewa a kansu, waɗanda alƙalai uku na gasar duk suka ba makin da ya fi na kowa.

"Kafaɗa kuwa ana gyara ta, ko?"

"Ana gyarawa, Umma."

"To Allah ya taimaka."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya kwanta, amma barcin ya ƙi zuwa. Sharaɓarsa ta dama sai ɗaurewa take tana saki saboda rashin ruwan kwanakin nan. Ya yi ta juyi har rana ta sauko kan katanga, sannan ya fito ya nufi rumfar da ya kafa a ƙuryar gida, inda kayan ƙarfensa suke: rodi mai kauri da ya zuba wa siminti a bokitin fenti ta kowane gefe, tsohon aksul, ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota, da bulo guda da tsakiyarsa ta goge don taka shi da yake yi. Litinin ranar ƙafar hagu ce. Shekara shida bai taɓa tsallake ta ba, ko ranar da ta zo daidai da salla.

Ya kai ƙafa zai taka bulon, sai ya ji ƙarar kujera. Hajo ce ta jawo 'yar kujerarta da ƙwaryarta ta zauna a inuwar bango, daidai inda take hango rumfar. Ba ta taɓa yin haka ba.

Da'u ya janye ƙafar. Ya sunkuya ya ɗauki rodin simintin, ya kawo shi ƙirji, ya tura shi sama da kansa. Hannuwansa suka yi rawa. Ya sauke, ya sake turawa. A na biyar idonsa ya fara ganin duhu-duhu, a na bakwai ya saki rodin ya faɗi ƙasa, gefen simintin ya ɓantare. Ya dafa gwiwoyinsa yana haki, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Murja ta leƙo daga madafa, ta koma.

Ya huta, ya sake ɗauka. Wannan karon huɗu kawai ya iya.

Hajo ba ta ɗago kai ba. Tana ɓare gyaɗa tana jefa ƙwayar a ƙwarya, ɓawon a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Sai da numfashinsa ya lafa sannan ta yi magana, idonta a kan aikinta.

"In an gama da kafaɗar, a yi na ƙafar ma. Kada a fasa saboda ni."

Da'u ya daɗe a tsaye. Daga masallacin unguwa an fara gwada lasifika. Ya sunkuya ya naɗe wandonsa na hagu har gwiwa, ya dafa ginshiƙin rumfar, ya ɗora yatsun ƙafar a bakin bulon, ya ɗage ta dama daga ƙasa. Siririyar sharaɓar ta yi rawa, ta ɗaga shi.

Hajo ta ajiye ƙwaryar a gefe, ta juyo da kujerarta sosai, ta zuba wa ƙafar ido.