Rariyar Gulnisa a Bakin Kogi

Wata biyar da rasuwar Safar, ƙaninsa Kurban ya kawo katafila ya ajiye a bakin kogin Shirud, daidai kwanar da laka ke taruwa. Yashi yake so ya kwasa ya sayar wa masu gini. Takarda ɗaya ta rage masa, wadda za ta ce babu 'ya'yan marmahi a wurin. In aka rubuta babu, ranar Asabar katafila za ta shiga ruwa.

Gulnisa, matar marigayin, ta ji labarin a gidan burodi. Ba wanda ke cin marmahi a garin, kifi ne mai kama da maciji, ba ƙaya ba ɓawo, baki kamar bakin kwalba. Amma shekara goma sha tara Safar ya yi yana ƙirga wa ofishin kifi su, mutane na yi masa dariya. Ita ke riƙe masa bokiti. Ta san 'ya'yan ba sa yawo, a cikin laka suke binne kamar tana, ko ido ba su da shi.

Ranar Laraba da hantsi ofis ya turo wani injiniya, Farhudi, da batir a bayansa da sandar lantarki a hannu, irin wadda ake tsomawa a ruwa don kifi su fito. Kurban ya tarbe shi da shayi da lemun gonarsa, ya ja shi saman tsakuwa inda ruwa ke gudu, ya ce nan ne wurin. Injiniyan ya danna lantarki, ba abin da ya fito. Da ya gangaro kan lakar ma sai ya danne maɓallin bai saki ba, ya jira, ya girgiza kai, ya ciro biro.

Sai ga Gulnisa cikin baƙaƙen kaya, da shebur ɗin Safar da rariyar da take tankaɗe shinkafa.

"Matar Yaya, hanyar maƙabarta ba nan ba ce," in ji Kurban.

"Na san hanyar. Kai ne ka manta ta."

Ta juya ga baƙon, ta gaya masa yadda Safar ke cewa: in ka danne wutar ba hutu, suma suke yi a cikin raminsu, ba za su fito ba. Sai ka taɓa ka saki, ka taɓa ka saki. Farhudi ya haɗe rai, ya tambaye ta a wace makaranta ta koyi hakan. Ta ce aji huɗu ta yi. Kurban ya tuntsure da dariya, ya ce wa injiniya ya yi haƙuri, tun rasuwar kanta bai dawo daidai ba, kuma yayansa ma tsutsotsin nan ne suka hana shi tara komai.

Ta ɗaure siket, ta shiga ruwan har gwiwa, sanyi na cizon ƙashi. Ta auna taku ɗaya kowane gefe kamar yadda Safar ke yi, ta kafa kara huɗu, ta ɗebo laka ta zuba a rariya, ta riƙa karkaɗawa cikin ruwa. Shebur na farko ruɓaɓɓen ganye ne kawai. Na biyu ma haka. Kurban ya ce ko za ta dafa musu ne. A na huɗu abu ya motsa, siriri, ruwan ƙasa, tsawon ɗan yatsa. Sai wani, sai wani.

Ta miƙa rariyar har gaban hancin Farhudi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauke batir ɗin ba tare da ya dube ta ba, ya ɗauko allon awon kifi, ya ce ta zuba su a bokiti kada su bushe.

Kurban ya matso, ya rage murya. Ya ce ta nemi wanda zai yi mata huɗar gonar shinkafa bana, injinsa ba zai taka ƙasarta ba, kuma ranar sadakar shekarar Safar kada ta aiko masa.

"Ko da ma ban sa ka a lissafin masu zuwa ba, Kurban."

Ya kwashe kofunan shayinsa, har da wanda injiniya bai gama sha ba, ya hau mota. Farhudi ya tambaye ta guda nawa ne yanzu.

"Goma sha ɗaya," ta ce. "Rubuta. Saura kwanar kogin ta ƙasa."