Ranar da Koci Ya Zauna

Mijina, wanda unguwa ta laƙaba wa suna Koci, ya bar shagon yayansa na kayan lantarki, ya kwashe tarkacen garejin gidanmu, ya shimfiɗa tabarmar roba, ya ce daga yau shi mai horar da mutane motsa jiki ne. Ƙarafan ɗagawa ma mai walda ya haɗa masa, wani ya fi wani nauyi. Na ce Allah ya sa albarka, na ci gaba da wankina.

Wanda ya fara zuwa shi ne Baba Direba, tsohon direban babbar mota da likita ya ce ko ya rage tumbi ko hawan jini ya kwantar da shi. Mutum ne mai jama'a. Shi ya jawo Mai Kemis, ya jawo Tela, ya jawo rabin majalisarsu, har sai da Koci ya raba wa kowa lokacinsa.

Matsalar mijina kunya. Ya ce ba zai iya tsayawa hannu a ƙugu yana ba sa'an mahaifinsa umarni ba. Don haka sai ya shige gaba, ya juya wa mutum baya, ya ce, "Baba, duk abin da na yi ka yi." Duk wanda ya zo, tare da Koci ake yi, daga farko har ƙarshe. Kafin la'asar ya yi tsallen kwaɗon mutum nawa shi kaɗai. Masu tumbi suna nan da kayansu, mijina ya koma kamar tsinken tsintsiya, ni kuma na zama mai shafa man zafi. Haushi ya ishe ni.

Ana haka Baba Direba ya fara ƙorafi. "Ɗana, wata da watanni ina wahala, wandona bai san ana yi ba. In sati mai zuwa ban ga canji ba, zan koma wurin masu injinan motsa jiki na bakin titi." Kowa ya san in ya tafi majalisar za ta bi shi, Koci kuma ya koma shagon yayansa yana auna waya. Don tsoro ya ƙara wa Baba aiki, wato ya ƙara wa kansa. Da safiyar Litinin gwiwarsa ta kumbura, ko takawa ba ya iyawa.

"Ki ce musu yau babu," in ji shi.

"Wallahi ba zan faɗa ba. Bakinka ma ya kumbura ne?"

Na ɗauko kujerar roba na dasa masa a tsakiyar gareji, na tsaya bakin ƙofa. Baba Direba ya shigo, Koci ya yi ta ba shi haƙuri kamar wanda ya yi sata, sannan ya ce a fara durƙuso.

Baba ya ce, "Wash!" da ƙarfi. Ya sake cewa, "Wash, Allah!" Ya buga ƙafa a ƙasa, ya yi nishi. Amma gwiwarsa ko motsi ba ta yi ba, wuya kawai yake sunkuyarwa. Ya saba har ya manta yau ido na kansa.

Koci ya saki baki. "Baba, dama haka kake yi?"

"To ai kai kana yi da kyau, ɗana. Na ga babu amfanin mu wahala mu biyu."

Na shige kicin na toshe baki da ɗankwali. Daga can na ji muryar mijina ta canza. "Sauka, Baba. Ƙara sauka. Miƙe bayanka. Wannan ban ƙirga shi ba." Ranar Baba ya fito rigarsa jagab, yana dafa bango, bai ma iya yi mini sallama ba. Koci ya yi tagumi, ya ce shi ke nan, ya kori abincinmu da bakinsa.

Washegari tun kafin lokacinsa sai ga Baba yana tafiya a tattale, da leda cike da magunguna daga wurin Mai Kemis. Ya miƙa mini.

"'Yata, ki shafa masa safe da yamma, Allah ya tashe shi da wuri. In yaron nan ya ƙara sati a kujerar nan, sai na canza wanduna."

Ya tuɓe takalmi, ya hau tabarma.