Ranar da Na Kore wa Mafarauta Nama

Tun da likita ya ce wa Malam Kalilu, maigidana, ya riƙa tattaki saboda ciwon suga, mutumin nan ya mayar da abin sana'a. Wasu tsofaffi, filin makaranta suke zagayawa su dawo. Shi kuwa sai daji, can bayan gonakin Zango, wai iskar can ta fi daɗi.

Ranar Asabar ɗin nan ina wanke-wanke da hantsi sai na ji motoci suna wucewa, karnuka na haushi, maza na kirari. Malam kuwa ya fita tattakinsa daji tun da sassafe. Ranar Laraba aka yi shela cewa za a fita farauta ran Asabar, kowa ya janye dabbobinsa daga dajin. Malam yana Daura ranar, ni kuma, Allah ya yafe mini, na sha'afa ban faɗa masa ba.

Na kira wayarsa, ta yi ƙara a kan taga. Ga shi jallabiyar da ya sa ruwan ƙasa ce, kalar gada sak. Kuma na san halinsa sarai: in ya ga magarya ta nuna, sai ya durƙusa ƙarƙashinta ya yi ta tsinta kamar ba dattijo ba.

Ban tsaya neman kowa ba. Kwanon silba da ludayin ƙarfe ne a hannuna, da su na fita. Na ratsa gonaki ina gudu ina haki, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Da na shiga dajin na fara dukan kwanon nan iya ƙarfina, ina ƙwala kira. Zabi suka tashi, zomo ya gifta ta gabana.

Abbas, shugaban mafarautan, ya ɓullo daga cikin sabara ransa a ɓace.

"Haba Inna! Tun ɗazu muke kewaye dajin nan, kin zo kin kore mana nama!"

"Naman ya ci ƙaniyarsa! Malam na ciki!"

Nan take ya ciro ƙahon da ke rataye a wuyansa ya busa sau uku, alamarsu ce ta kowa ya ɗaga bakin bindiga sama. Dajin ya yi tsit, sai hakin karnuka. Wallahi shirun nan ya fi kowace ƙara ba ni tsoro.

Can sai ga su tafe, Malam a gaba da sandarsa, wani maharbi mai suna Suhaibu a bayansa yana jan ƙafa. Suhaibu na isowa ya jingine bindigarsa ya zauna daɓas a ƙasa, ƙato guda.

"Na ga abu na motsi a gindin magarya," in ji shi. "Na ɗauka gada ce. Na riga na saita, yatsana na kan kunamar bindiga. Ƙarar kwanon nan ce ta sa abin ya miƙe tsaye, sai na ga hula."

Kowa ya ɗauki salati. Malam kuwa ko a jikinsa, bai ma gane da shi ake ba. Ni yake kallo daga sama har ƙasa.

"Talatu, lafiyarki kuwa? Kin fito cikin maza ba takalmi?"

Na duba ƙafafuna. Ƙaya ta yi musu kaca-kaca, jini har ya bushe, ni ko ji ban yi ba. Duk faɗan da na tanadar masa a hanya ya ɓace mini. Don daɗi na zube kusa da Suhaibu, mu biyu muna ta kuka, Malam na tsaye yana tambayar wanda ya rasu.