Taswirar Ranar Litinin

Munzali ne ke kula da kwamfutoci a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Birnin Kebbi. Guda huɗu ne, duk sun tsufa, kuma manhajar kyauta ce a kansu, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Babbar cikinsu tana gaban Khadijatu. Aikin Khadijatu shi ne ta duba hoton gulbin Rima da tauraron ɗan'adam ke aikowa, ta ga inda ruwa ya kai a taswira, sannan ta buga wa shugabannin manoma waya, tun daga Zauro har Argungu.

Da damina ta yi nisa, taswirar ta fara nauyin buɗewa. Wata Litinin Khadijatu ta ture kujera ta ce, "Malam Munzali, kahin wagga taswira ta buɗe sai in yi azahar in dawo. Ka yi muna wani abu."

Munzali ya san inda matsalar take. Akwai ɗan shirin da ke ɗaukar hoto daga cikin kwamfuta ya zana shi a allo, wanda masu sana'ar ke kira direba. Ya buɗe shi a kwamfutar Khadijatu ya bi layi-layi, har ya ga cewa duk lokacin da aka nemi hoto sai direban ya sake ɗauko shi daga farko. Ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya gyara shi yadda idan hoto ya zo da suna da girma irin na baya, sai a zana wanda ke ajiye.

Sai ya gwada. Akwai wani ɗan gwaji da ya saba da shi tun yana makaranta: faifai uku masu haƙora, ja da kore da shuɗi, suna juyawa a allo, lamba kuma tana nuna sau nawa aka zana su a daƙiƙa ɗaya. Da safe lambar ɗari uku da tamanin ce. Bayan gyaran ta haura ɗari tara. Taswirar ma ta buɗe nan take.

Ya yi murna sosai. Ya aika gyaran zauren intanet na masu aikin sa kai da ke kula da direban, tare da lambobin biyu. Washegari wata mata daga cikinsu ta ba shi amsa. Ta ce faifan nan ba ma'auni ba ne, ƙananan zane ne da ba sa sauyawa, don haka lambarsu ba ta faɗin komai a kan manyan hotuna. Ta ce ya gwada da ainihin aikin da ake yi da kwamfutar, ya kwatanta da wata da bai taɓa ba. Munzali ya ji haushi. A ransa ya ce don sun ga daga Kebbi gyaran ya fito ne. Ya rufe saƙon bai amsa ba.

Ranar Alhamis da hantsi Yari ya bugo. Dattijo ne, shugaban manoman wata fadama kusa da Argungu. Munzali yana zaune a gefe yana jin muryarsa ta waya.

"Ɗiyata, ruwan ga ya sake launi. Masunta sun ce mu yanke shinkahwa yau. Amma ba ta ida nuna ba. Mi kika gani?"

Khadijatu ta buɗe taswira. Kwanan watan da ke kusurwa na ranar ne. Ruwan kuwa yana can nesa da gonaki.

"Baba, ruwa na nan inda yake tun Litinin, bai motsa ba. Kuna da kwana ukku ko huɗu."

"To, madalla. Mu bar ta ta ƙara."

Ranar Asabar da safe ruwa ya shiga fadamar.

Munzali ya iske Khadijatu a ofis tana kuka, wayoyi biyu suna ta ƙara a gabanta. A allonta har yanzu gonakin kore ne shar. Nan take ya tuna da gyaransa. Ya je kwamfutar sakatare, wadda bai taɓa ba, ya buɗe taswirar. Ta ɗauki lokaci tana buɗewa, sannan shuɗin ruwa ya rufe fadamar gaba ɗaya. Ya koma hoton Alhamis. A nan ma ruwan ya riga ya kai bakin gonaki. Hotunan duk suna zuwa ne da suna ɗaya da girma ɗaya, don haka tun Litinin hoto guda Khadijatu ke kallo, kwanan watan kusurwa kawai ke sauyawa.

"Ni na ce su jira," in ji ta. "Da bakina."

"Ba ke ba ce, Malama. Ni ne."

Ya yi mata bayani. Ta saurara har ya gama, ta share fuska.

Kafin la'asar labari ya iso cewa Tamba, ƙanen Yari, ya rasu. Ya shiga da kwalekwale yana yanko shinkafa a cikin ruwa, kaya suka yi nauyi, kwalekwalen ya kife.

Munzali ya mayar da direban yadda yake, ya rubuta wa zauren abin da ya faru, ya ce a janye gyaransa. Washegari ya hau mota zuwa Argungu, daga can ya hau babur zuwa ƙauyen. Ya tarar da Yari a kan tabarma a ƙofar gida, ana karɓar gaisuwa. Warin ruɓaɓɓiyar shinkafa yana tasowa daga fadama. Bayan an yi addu'a ya matsa kusa, ya faɗa masa komai, ya ce yarinyar da ta ce su jira ba ta da laifi.

Yari ya dube shi.

"Da ka gyara abin, ka gwada shi?"

"Na gwada, Baba."

"Da mi?"

"Da wani zane mai juyawa."

"Ba da hoton gulbi ba?"

"A'a."

"An hana ka ne?"

"An ma ce in yi. Ban yi ba."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Kwanan Tamba ne ya ƙare, wannan na Allah ne. Amma gida arba'in ba su da abin ci bana. Ka tahi, ɗana. Ku daina kira na."

Khadijatu ta nemi a mayar da ita sashen rabon iri, aka mayar da ita. Munzali ya faɗa wa shugaban ƙungiyar gaskiya, aka bar shi a kan aikinsa saboda babu wani da ya iya. Shi aka ɗora wa kiran manoman sauran daminar. Na Zauro da na Ambursa suna ɗauka. Na wajen Argungu, ko sau ɗaya ba wanda ya ɗauka.