Mutum Uku a Gidan Gwaggo Tasalla

Ranar da aka zuba sunayen 'yan gudun hijira a cikin tupul, ranar aka binne maguɗi a Batsari. Malam Armaya'u ne ya faɗi haka a gaban kwamitin rabon masara, sakatare kuma ya rubuta, don haka ya zama gaskiya.

Wata ƙungiyar agaji ce ta turo shi daga Katsina ya koya wa matasa harshen kwamfuta na Python, a shekarar da rabin gonakin yamma ba su ga garma ba saboda mutanen daji. Ɗalibai goma sha biyu, kwamfuta huɗu, da janareto mai ra'ayin kansa. A mako na uku ya kai su tupul. Ya ce jerin bayanai ne kamar lis ɗin da ya koya masu a baya, sai dai shi da zarar an rufe shi cikin baka biyu an gama: ba ƙari, ba ragi, ba gyara. Ya rubuta suna da ƙauye da yawan mutanen gida, ya sa wani ya gwada canza lambar. Kwamfuta ta yi jan rubutu ta ƙi. Aka yi tafi. Mutanen da suka saba ganin sunan ƙanin kansila ya tsiro a takarda tsakanin azahar da la'asar ba su taɓa ganin wani abu ya ƙi ba.

Ɗaliban ne suka shigar da rajistar gidaje, kowane gida tupul ɗaya. A nan Zuwairatu, 'yar Wagini, ta ci karo da layin ƙanwar ubanta: Tasalla, Wagini, 3. Ta san ɗakin da suka rakuɓe a bayan kasuwa. Mutum takwas ke kwana a ciki.

Yadda aka yi ba wuyar ganewa. Mai rajistar ɗan birni ne, ya tambayi Gwaggo Tasalla su nawa ne. Ta ƙirga kanta da ƙananan 'ya'yanta biyu. Asama'u, 'yar farinta, wadda ta dawo daga wani ƙauyen Safana da yara huɗu bayan an kashe mijinta, tana zaune a tabarmar. Amma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta ƙirga shi gaban baƙo. Gwaggo ta ce, "Sai kuma waɗancan," ta nuna da leɓe. Fom ɗin ba shi da gurbin leɓe.

Zuwairatu ta kai maganar gaban Malam, ya ce ya tausaya, amma tupul ba ya canzuwa. Ta ce gaskiya ne, sai dai shi da bakinsa ya koya masu ranar Alhamis cewa ana iya rubuta sabo a ba shi sunan tsohon. Ya ce a darasi ke nan. Ta jawo kwamfutar gaban kowa, ta buga layi ɗaya da takwas a ƙarshensa. Ba jan rubutu. Wannan karon ba a yi tafi ba.

Malam ya mayar da ukun da hannunsa. Ya ce in kwamiti ya ji ana iya haka, gobe dangin kansila za su cika ƙofa. A wannan dai bai yi ƙarya ba. Washegari da safe ya tarar da takwas. Ya mayar. Jibi ma haka. A rana ta huɗu ya gaji, ya kafa sharaɗi: mai gidan ta zo gaban kwamiti ta faɗi sunayen da bakinta, kowa ya ji, sai a kira shi sabuwar rajista, ba gyara ba.

Gwaggo ta zo. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da gajiya da iyali da ya aka ji da jama'a. Ta faɗi sunayen jikokin huɗu ba gargada.

"Saura uwarsu, Inna," in ji Malam. "Ba a rataya yara sai a jikin babba."

Zuwairatu ta ce ita za ta faɗa, aka ce sharaɗi sharaɗi ne. Ta durƙusa ta roƙi gwaggon a hankali, ta tuna mata rabon mutum biyar ne.

"Ɗan nan, shekara talatin da takwas ban kira sunan nan ba," Gwaggo ta ce wa Malam. "Ban kira shi ranar aurenta ba. Ban kira shi ranar da aka sauke mani ita a babur da takaba ba. Sai yau, don masara?"

Ya fara yi mata bayanin yadda na'urar take, cewa ita ba ta canza abin da aka ba ta.

"To, mun zama mu biyu," ta ce, ta miƙe ta nemi takalmanta.

An yi rabo ranar Talata. Rahoton Malam ya tafi Katsina da labarin cewa ko suna ɗaya ba a taɓa ba, aka yaba masa. Zuwairatu ta ɗauko wa gwaggonta tiya uku a ka.

Da aka sauke tuwo, Gwaggo ta raba a kwano biyu, ta tura ɗaya wajen yaran, ɗayan ta tura wajen da Asama'u take ba tare da ta dube ta ba. Aka tambayi Gwaggo ina nata. Ta ce ta ci a maƙwabta, ta ɗauki buta ta fita.