Ƙafar Tela

Na yi rayuwata ina koyar da Turanci, har na yi ritaya, amma ban taɓa tsoron kalmomin da nake rubuta wa yara a allo ba sai da na kwanta asibiti.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tsohon tela. Ciwon suga ya ci masa ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Mutum ne mai barkwanci. Ya ce rigar asibitin nan ko makaho ne ya ɗinka ta ya kamata ya nemi gafara. Likitan da ke duba mu baƙo ne, ba ya jin yarenmu, don haka babban ɗan Tela ke yi masa tafinta. Ni kuwa ina kwance, kunnena ba ya hutu.

Da farko likita ya ce ana jiran "results". Wannan ba komai, abin da gwaji ya nuna ne kawai. Bayan kwana biyu ya koma cewa "outcome", wato yadda lamarin zai ƙare, kuma bai ɗaga ido daga ƙafar ba. Ranar da na ji "consequences" sai na san lamarin ya ɓaci. Ita ce kalmar da nake gaya wa ɗalibai ba ta zuwa da alheri: abin da zai biyo baya ne in an yi taurin kai. Likita ya faɗa ƙarara, ko a yanke ƙafar daga gwiwa cikin makon nan, ko dafin ya shiga jini.

"Me ya ce?" in ji Tela.

"Ya ce a ci gaba da shan magani, Baba. Da sauƙi."

A gidansu, kamar gidaje da yawa, ba a gaya wa majinyaci mugun labari. Wai tsoro ya fi ciwo saurin kisa. Kowa ya zo dubiya sai ya toshe numfashi saboda warin ƙafar, ya yi murmushi, ya ce jiki ya yi kyau. Wannan tausayin ya fi ba ni haushi fiye da mugunta.

Da Tela ya yi barcin rana na yafito ɗan.

"Ɗana, na ji abin da likita ya ce. Ba haka ka faɗa ba."

Ya durƙusa gefen gadona, idonsa jajir. "Baba Malam, ku rufa mana asiri. In ya ji za a yanke, zuciyarsa ce za ta buga. Akwai mai magani a wajen dangin innarmu, an ce yana warkar da irin wannan."

"An ce. Wa ka gani da idonka?"

Ya miƙe ya koma gefen gadon uban. Ba mugun yaro ba ne, shi ke wanke uban da hannunsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Washegari dangin Tela suka zo da keken guragu da jakar kaya, za su kai shi wajen mai maganin. Likita ya tsaya a bakin ƙofa yana magana a hankali, a hankalin da ba na so. Ya ce in suka fita da shi, abin da zai faru "irreversible" ne, ba a juya shi. Ɗan ya gyaɗa kai kamar ana yi masa kwatancen hanya.

Tela ya juyo gare ni. "Malam, kai da ka sha Turanci har ya yi maka furfura, me bawan Allahn nan yake ta faɗa?"

Ɗan yana roƙona da ido. Na ce a raina gaskiya ɗaci gare ta, amma ba ta kai kabari ɗaci ba.

"Ya ce in ba a yanke ƙafar ba, mutuwa za ka yi. Ba da jimawa ba."

Tela ya daɗe yana kallona, sannan ya dubi ɗansa.

"Haka ne?"

"Baba, allurar da ake yi wa Malam ce take sa shi sambatu. Jiya ma haka ya yi ta yi."

Na ga lokacin da tsohon ya zaɓi wanda zai gaskata. Fuskarsa ta saki, har da 'yar dariya.

"Allah ya ba ka lafiya, Malam. Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. In an sallame ka ka zo shago, in fid da kai daga wannan buhun da suka sa maka."

Na buɗe baki, amma sun riga sun ciccibe shi. Wajen sauke shi a keken, ƙafar ta bugi ƙarfen gado da ƙarfi, har gadon ya motsa. Nas ta runtse ido. Ɗan ya daskare a tsaye.

Tela bai ko waiwaya ba, kamar ba ƙafarsa aka buga ba. Yana ta tambayata wane launin yadi na fi so.